Ciwon Kan da Ba Ya Jin Farasitamol: Gundura da Lafiyar Ɗalibai a Karkara

A makarantun kwana na karkarar Kano da Jigawa akwai wani irin ciwon kai da ba ya jin magani. Ba ya zuwa da zazzaɓi, ba ya hana cin abinci, kuma ya san lokacin tasowarsa: bayan azahar idan rana ta take, ko da daddare idan an kaɗa ƙararrawar firef, wato zaman bitar karatu. Yaro zai je ɗakin shan magani, a taɓa goshinsa a ji lafiya lau, a ba shi farasitamol biyu ya kora da ruwa, jibi ya sake dawowa da maganar. Malamin horo zai ce ƙarya ce da lalaci. Idan labari ya kai gida, uwa ta fara tunanin sammu ko iska, a aiko da rubutu a jarka. Wani kaso na wannan ciwo gundura ce tsagwaronta. Wani kason kuwa abu ne da ya fi gundura nauyi nesa ba kusa ba, sai dai a ido kamarsu ɗaya. Makarantunmu ba su da wanda aka ɗora wa aikin rarrabe su, kuma dalilin haka yana cikin tarihi guda biyu da suka daɗe kowanne na bin hanyarsa: yadda mutane ke kallon gundura, da abin da makaranta ta ɗauka shi ne lafiyar ɗalibi.

Dattawa sukan ce su a zamaninsu ba su san wata aba wai ita gundura ba. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma ba duka ba. Aikin ƙauye cike yake da maimaici: noman firi da maimai, daka, niƙa, sussuka, kiwo daga hantsi har la'asar sakaliya. Da a ce waɗannan ayyuka ba sa gundurar mutum, da ba a ƙirƙiro waƙar daka da ta niƙa ba, da ba a kira makaɗi ranar gayya ba. Mutanen da sun san ƙosawa sarai, shi ya sa suka yi mata tanadi. Abin da ya bambanta shi ne aikin yana da ƙarshen da ido ke gani, kunya ta ƙare, turmi ya yi laushi, rumbu ya cika. Idan kuma kaka ta wuce aka shiga rani, lokacin da ya yi yawa ba a barin mutum da shi shi kaɗai. Akwai dandali da gaɗa, akwai langa da kokawa da dambe, dattawa na dara a gindin bishiya, yara na gaban kakarsu ana tatsuniya. Saurayin da duk wannan bai ishe shi ba ya ɗaure kayansa ya tafi ci-rani, wanda ko a da ba neman kuɗi kaɗai ba ne, har da neman ganin wata duniya kafin ruwa ya sauka.

Addini ma bai kau da kai daga lamarin ba. A cikin Bukhari an ruwaito cewa Abdullahi ɗan Mas'udu yakan yi wa mutane wa'azi ne duk ranar Alhamis. Wani ya roƙe shi ya riƙa yi kullum, ya ce abin da ke hana shi shi ne ba ya son ya gundure su, domin haka Annabi (SAW) yake yi musu, yana zaɓar lokacin wa'azi don gudun kada su ƙosa. A lura, wa'azi ake magana, kuma masu sauraron sahabbai ne, amma ba a ce laifinsu ba ne idan sun ƙosa. An ɗora nauyin a kan mai koyarwa. Tsangayunmu sun gaji wani abu daga wannan hikima, domin duk tsananin karatun allo, daga yammacin Laraba ake tashi, a huta Alhamis, sai Juma'a ta karkata a koma. Akwai kuma hadisin Ibn Abbas da ya haɗa abubuwa biyun da muke magana a kansu wuri guda: ni'imomi biyu da mutane da yawa ke tafka asara a cikinsu, lafiya da sararin lokaci.

Can a hamadar Masar, a ƙarni na huɗu na Miladiyya, wani malamin Kirista mai suna Evagrius, wanda ya rasu a 399, ya rubuta yadda abin ke kama masu zaman kaɗaici don ibada. Ya ce shaiɗanin tsakar rana ne. Yakan sa mutum ya ga kamar rana ta tsaya cak ta ƙi tafiya, ya yi ta leƙen taga, ya tsani wurin da yake, in ya ɗauki littafi ya yi ta hamma yana ƙirga shafukan da suka rage, ƙarshe ya yi matashi da shi ya yi barci. Duk wanda ya taɓa tsaron ajin firef zai gane wannan hoto. A Turai daga baya aka cusa wannan hali cikin manyan zunubai, aka haɗa shi da lalaci. Ke nan na tsawon ƙarnoni gundura laifin mai ita ce, maganinta tuba da horo. Blaise Pascal na Faransa, wanda ya rasu a 1662, ya ɗan juya maganar, ya ce tushen wahalar ɗan Adam shi ne ba ya iya zama shiru a ɗaki shi kaɗai.

Babban sauyi ya zo ne da masana'antu a Ingila, daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa na 19. A da rana da yanayi da nauyin aiki ke yanka wa mutum lokacinsa. Da masaƙu suka zo sai agogo ya karɓe wannan iko. Ma'aikaci ya shiga da ƙararrawa ya fita da ƙararrawa, a tsakani yana maimaita motsi ɗaya a kan abin da ba nasa ba, ba kuma zai ga ƙarshensa ba. Makarantar boko ta kowa-da-kowa a wannan zamani ta girma, da ƙararrawarta da jadawalinta da layukan bencinta. Daga nan gundura ta tashi daga matsalar masu ibada da 'ya'yan masu hali da ba su da abin yi, ta zama abin da talaka ke sha kullum.

Masana halayyar ɗan Adam sun shigo maganar a makare, amma abin da suka gano ya fi na magabata amfani ga makaranta. A 2012 John Eastwood na Jami'ar York da ke Kanada da abokan aikinsa suka bayyana gundura da cewa ƙuncin da mutum ke ji ne idan yana son ya duƙufa a kan wani abu mai gamsarwa amma ya kasa. Wannan ya raba ta da lalaci, domin malalaci ba ya son yin komai, wanda ya gundura kuwa so yake, hanya ce babu. A 2014 Timothy Wilson na Jami'ar Virginia a Amurka ya zaunar da mutane su kaɗai a ɗaki na minti 15, ba waya ba littafi, sai wani maɓalli da idan ka danna lantarki zai ja ka. Dukansu sun ɗanɗana jan tun da farko, mafi yawansu kuma suka ce za su iya biyan kuɗi don kada a sake musu. Amma a cikin waɗanda suka faɗi haka, maza 12 cikin 18 da mata 6 cikin 24 suka danna da hannunsu. Minti 15 ke nan, a ɗaki mai tsabta, ga mutanen da suka san za a buɗe musu ƙofa.

To, mu dawo gida. Boko ta kafu a Kano ne da makarantar Ɗan Hausa a Nassarawa a 1909, amma sai da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya zo sannan yaran karkara suka shiga aji da yawan gaske. Manyan makarantun kwana da dama an kai su wajen gari da gangan, kamar na kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka buɗe a 1977, don yaro ya yi nisa da hayaniya ya fuskanci karatu. Waɗanda suka tsara irin waɗannan makarantu sun san cewa idan ka raba yaro da dandali da gona da kasuwa, dole ka ba shi madadi. Shi ya sa aka yi filin ƙwallo da gasar gidaje, da ƙungiyar muhawara da ta wasan kwaikwayo, da gonar makaranta, da laburare. Da aljihun gwamnati ya fara ƙonewa a shekarun 1980, ɗalibai kuma suka ninka, waɗannan ne aka fara yankewa domin ba sa fitowa a jarrabawa. Katanga da ƙararrawa da bulala kuwa ba su da tsada, suka tsaya daram.

Gundurar da ta fi kowace cin rai a makarantar karkara ita ce ta ajin da babu malami. An kaɗa ƙararrawa, jadawali ya ce Fizis, malamin Fizis an yi masa sauyin wurin aiki tun zangon da ya wuce ba a turo wani ba. Ba a yarda yara su fita ba, ba a yarda su yi surutu ba, monita na rubuta sunaye. Littafin karatu guda ne a hannun mutum biyar, ko ma babu. Yaro mai shekara goma sha biyar, jini na tafasa, an ce ya zauna minti arba'in, wani lokaci tamanin, yana kallon allo. Kakansa da ke bin shanu a wannan shekarun yana iya sassaƙa sanda, ya yi iyo a kududdufi, ya ɗana wa kurciya tarko. Shi wannan an karɓe lokacinsa ba a zuba komai a ciki ba. Ko darasin da ake yi ma, idan ya zama kwafar rubutu ne daga allo cikin Turancin da yaro bai gama ji ba, bambancinsa da ajin da babu malami kaɗan ne.

Sai kuma zaman jira, wanda ya fi kama manya. An gama sakandare ana jiran sakamako, an ci JAMB ana jiran gurbi, an samu gurbi a Wudil ko Dutse ko Kafin Hausa ko Bayero sai a shiga wani jiran. A 2020 korona ta rufe makarantu tun daga watan Maris, malaman jami'o'i kuma suka yi yajin aiki daga Maris ɗin har Disamba. A 2022 suka sake wani daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Ɗalibin da ya dawo ƙauye a irin wannan lokaci yana cikin tsaka mai wuya. Ba zai kama sana'a gadan-gadan ba, domin kullum ana cewa mako mai zuwa za a janye. In ya shiga gona ana yi masa ba'ar ɗan boko, in ya zauna a ce ya zama ɗan zaman kashe wando. Wata masaniyar al'adu, Adeline Masquelier, ta fitar da littafi a 2019 a kan samarin fada a Nijar, 'yan uwan majalisun shayinmu, inda ta nuna cewa dafa shayin nan zagaye uku a kan gawayi wata dabara ce ta yanka yini gunduwa-gunduwa don ya haɗiyu. Ina ganin ta fi masu zaginsu fahimtarsu.

Waya ta shigo cikin wannan giɓi. Tun da layukan salula suka zo a 2001, musamman da manyan wayoyi suka yi araha, saurayi a ƙauyen da babu wutar lantarki yana kai caji shago ya sayi data ta kwana ɗaya ya shiga TikTok da Facebook. Wayar tana kashe minti, amma ba ta kawo gamsuwar da ake nema, shi ya sa mutum zai shafe awa uku yana shafa gilashi ya tashi ya fi da ƙosawa. Ta kuma ƙara wani abu da kakanninmu ba su sha ba: kana zaune a kan dakali a ƙauyenku kana kallon sa'anninka a Abuja da Dubai.

Ɗaya tarihin, na kula da lafiyar ɗalibai, daga tsoron annoba ya faro. A Amurka, kwalejin Amherst ce ta fara ɗaukar likita na musamman don ɗalibai a 1861, Dakta Edward Hitchcock, aikinsa motsa jiki da tsafta da awon ɗalibai. A Ingila kuwa yaƙin da suka yi a Afirka ta Kudu daga 1899 zuwa 1902 ne ya tona asiri, domin da yawa daga samarin da suka zo shiga soja an tarar jikinsu bai kai ba. Gwamnati ta tsorata, ta yi dokar ciyar da yara a makaranta a 1906, ta bi da ta duba lafiyarsu a 1907. Ana duba haƙori, ido, kwarkwata, tarin fuka. Jami'ar Princeton ta buɗe sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwar ɗalibai a 1910, amma irinsa bai zama ruwan dare ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da rigakafi da magungunan kashe ƙwayoyin cuta suka kwashe marasa lafiya daga gadajen asibitin makaranta. Da gadaje suka zama wayam sai hankali ya koma kan damuwa da fargaba da shaye-shaye. A yau a jami'o'insu layin ganin mai ba da shawara ne ke da tsawo.

Mu namu ya faro ne da duba-gari da duban tsafta na safiyar Litinin: a miƙa hannu a ga farce, a buɗe baki, a duba kai ko akwai makero, a duba tsakanin yatsu ko akwai ƙazwa. Bambancinmu da su shi ne mu ba mu gama da matakin farko ba. Sanƙarau ya yi mummunar ɓarna a Kano a 1996, kuma har yau idan zafi ya tsananta ɗakin kwanan da aka cusa yara fiye da kima abin tsoro ne. Mashaƙo ya dawo da ƙarfinsa a 2023, Kano ce kuma ta fi kowace jiha jin jiki. A garuruwan noman rani, daga yankin Kadawa da ke shan ruwan Tiga har zuwa fadamun Haɗeja, tsargiya ta zama abin da wasu yara ke ɗauka alamar girma ce. Zazzaɓin cizon sauro kuwa ba a ma maganarsa. Don haka idan malamin asibiti guda ɗaya da ke kula da ɗaruruwan yara ya fi damuwa da mai zafin jiki a kan mai zafin rai, ba za a ce ya yi rashin hankali ba.

A takarda dai an yi nisa. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi malamin ba da shawara a makarantun gaba da firamare. A 2006 aka fitar da manufar lafiyar makarantu ta ƙasa, wadda ta haɗa da awon lafiyar yaro idan zai shiga, da ɗakin shan magani, da ruwa da bayan gida, da ciyarwa, har da kula da halin da zuciyarsa ke ciki. Ɗaliban manyan makarantu suna da tsarin inshora nasu, TISHIP, da ake biya tare da kuɗin rajista. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 da ta ɗauki mai irin wannan lalura a matsayin wanda za a tsare kawai. Amma likitocin ƙwaƙwalwa a duk faɗin ƙasar nan, mai mutum sama da miliyan 200, ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, kuma a birane suke. Malamin ba da shawara kuwa, inda ma akwai shi, sau da yawa an haɗa masa da darussa cike da jadawali, wani wurin ma shi ne malamin horo. Wa zai kai kukansa wurin mai riƙe da dorina?

Ga yadda ganawar ke kasancewa a mafi yawan lokuta. Ɗaki ne guda, gado biyu, kabad da kwalin farasitamol da maganin zazzaɓi da jan magani na ciwo, sai babban littafin rajista.

"Malam, kaina ke ciwo."

"Tun yaushe?"

"Tun jiya, Malam."

"Ka yi amai? Jikinka na zafi?"

"A'a, Malam."

"Ungo, ka sha ƙwaya biyu yanzu, biyu da dare. Na gaba."

Ba a yi minti biyu ba. Babu wanda ya yi ƙarya a nan, kan yaron yana iya yin ciwo da gaske. Amma yaron da aka yi wa tarbiyyar kunya da haƙuri ba zai buɗe baki ya ce wa babba "zaman nan ya ishe ni" ko "ba na jin daɗin komai" ba. Wannan rashin kunya ne, ko rashin godiyar Allah, ga shi ubansa ya sayar da akuya ya yi masa sayayya. Ciwon kai kuwa ba a yi wa mutum faɗa a kansa, har yana iya samar masa fasin zuwa gida. Jiki sai ya faɗi abin da baki ya kasa.

Wannan ba sabon abu ba ne a wurin likitoci. Tun a 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Kanada, Raymond Prince, da ya yi aiki a asibitin Aro na Abeokuta, ya rubuta a kan ɗaliban Najeriya da ke zuwa da kukan zafi a ka, da jin kamar wani abu na yawo a cikinsa, da dishi-dishin ido, da kasa riƙe abin da suka karanta. Aka daɗe ana lissafa shi a matsayin ciwon gajiyar ƙwaƙwalwa na ɗaliban Afirka, kafin masana da dama su karkata ga cewa damuwa ce da fargaba ke fitowa ta jiki. Mutanen Kano kuma ba su manta da zamanin Sumbuka ba, a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da 'yan mata a makarantun sakandare suka riƙa faɗuwa rukuni-rukuni, aka yi ta ruƙiyya. Ba na cewa gundura ce ta kayar da su, kuma ba wurin gardamar aljanu ba ne nan. Abin lura dai shi ne irin wannan faɗuwa ta taro, a ƙasashe da addinai daban-daban, ta fi aukuwa a wuraren da aka killace matasa cikin matsi ba su da bakin magana.

Yaya ake rarrabewa? Gundura tana da saurin sakin mutum. Yaron da ke kwance yana nishi, a ce an kawo sabuwar ƙwallo ko za a kunna kallo, ka ga ya miƙe. Ciwon damuwa ba ya saki. Alamarsa ita ce mako biyu ko fiye mutum na cikin ƙunci, abin da ya saba jin daɗinsa ya daina burge shi, barci ya lalace, ci ya ragu ko ya ƙaru, ya janye daga abokai, wani har ya fara cewa gara ma ya mutu, kuma wannan kalma ba a ɗaukarta wasa ko da da dariya aka faɗe ta. Abu Zaid al-Balkhi, malamin Musulunci da ya rasu a 934, ya riga ya raba baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke saukar wa mutum haka kawai, ya ce na biyun yana da alaƙa da jiki kuma yana buƙatar magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. A ajin mutum saba'in sai a yi lissafi.

Akwai kuma masu kama da gundura da ba su da alaƙa da zuciya ko kaɗan. Yarinyar da jininta ya yi ƙasa saboda tsutsar ciki ko al'ada ko rashin abinci mai gina jiki za ta yi ta gyangyaɗi a aji. Yaron da ba ya hango allo daga benci na baya zai daina kallonsa, a ce ba ya mai da hankali, alhali tabarau yake buƙata. Haka mai ciwon kunne da ya toshe masa ji, da wanda ya shigo aji da kokon da bai wuce ruwa ba yana jiran gabzar rana. Duba cikin fatar ido, da sa yaro ya karanta haruffa daga nesa, da tambayar me ya ci, ba sa buƙatar likitan ƙwaƙwalwa.

Inda abin ke zama haɗari shi ne gundura kamar ƙishirwa take: tana gaya maka kana buƙatar ruwa, amma ba ta zaɓar maka tsakanin na rijiya da na kwata. Wani ta kai shi haddar Alƙur'ani ko koyon gyaran waya, wani ta kai shi tsallake katanga. A Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton binciken BBC da Kano ta fito a ciki ƙarara. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi a wannan shekarar ya gano mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda. Ba gundura kaɗai ta jawo wannan ba, akwai talauci da arahar kayan da masu cin riba da su, akwai masu shan tiramol don su iya aikin ƙarfi. Amma ka tambayi yaron da ya fara me ya kai shi, amsar da za ka fi ji ita ce, "Wallahi zaman ne kawai."

Ana yawan yaɗa wata magana yanzu cewa gundura alheri ce, tana buɗe basira. Tana da tushe: Sandi Mann a Ingila ta sa mutane kwafar lambobi daga littafin lambobin waya, daga baya suka fi waɗanda ba su yi ba kawo sababbin dabaru. Amma wannan nasiha an yi ta ne don yaron da aka cika wa yini da darasi da wasanni da na'urori har ba ya samun sararin yin tunani. Ɗauko ta a kawo wa yaron da ke ajin da babu malami, a ƙauyen da babu laburare, zalunci ne da sunan hikima. Haka nan ban ga hikimar kwaso tsarin Amurka ɗungurungum ba, inda su kansu suke kukan cewa kowane ɓacin rai na ƙuruciya an mai da shi cutar da za a rubuta wa magani. Yaron da ya ƙosa da kwafar rubutu lafiyarsa ƙalau, darasin ne ba shi da lafiya, kuma Ibn Mas'udu ya riga ya nuna wanda ya kamata ya gyara.

Abin da ke iya yiwuwa a makarantar karkara bai kai tsadar da ake zato ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shiri tun 2008, mhGAP, na koya wa ma'aikatan lafiya na matakin farko gane damuwa da farfaɗiya da shaye-shaye, su yi abin da za su iya, su tura abin da ya fi ƙarfinsu, kuma Najeriya ta karɓe shi. Irin wannan horo ne ya dace da malamin asibitin makaranta da uwar ɗakin kwanan 'yan mata, wadda sau da yawa ita ce ke fara ganin yarinyar da ta daina cin abinci. Littafin rajistar nan ma shaida ne da ba a karantawa: sunan da ya fito sau huɗu a wata da ciwon kai ba zazzaɓi ya cancanci a zaunar da mai shi a tambaye shi gida, da barci, da ko wani babban ɗalibi na takura masa. Hanyar turawa tana nan, daga asibitin sha-ka-tafi zuwa babban asibitin ƙaramar hukuma, daga can zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko na Kazaure ko asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, duk da cewa sunan Dawanau kaɗai kan sa uba ya ce a bar masa ɗansa zai kai shi wurin malam. Gara a haɗa kai da malamin da limamin gari tun farko, domin ta wurinsu za a bi ko an so ko ba a so ba.

Duk wannan kuma maganar makarantar kwana ce, wadda ko ba komai tana da ɗaki da gado biyu. Mafi yawan yaran karkara 'yan jeka-ka-dawo ne, a tashe su da azahar, lafiyarsu ta koma hannun mai kemis na bakin kasuwa. Almajirin tsangaya shi ko rajistar da za a rubuta sunansa babu. An kafa hukumar kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta a 2023, sai dai manufar lafiyar makarantu ta 2006 an gina ta ne a kan makaranta mai aji da shugaba da ɗakin shan magani, ba a kan alaramma mai yara sittin a zaure ba.